Kazar da Ba Ta Taɓa Taka Ƙasa Ba

Ban kai shekarun masu cewa “a zamaninmu” ba. In na faɗa a gaban manya dariya za su yi, su ce ke yaushe aka haife ki. Amma yau kwana goma sha ɗaya ke nan in hanya ta bi da ni ta layin masu kaji a kasuwa sai na toshe hanci na sauya lungu. Kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, wadda ta goye ni ta raine ni a Gidimuni, tana kwance a gadon asibiti a nan Zinder, har shekaranjiya lokotoro bai yarda ya ce mana za ta tashi ba. Abin da ya kwantar da ita kuwa ni na soya shi, ni na zuba shi a langa, ni na ɗaure da ƙyalle na miƙa mata a tasha ina murmushi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina so in tuna yadda kaza take a da, tun ban ƙarasa mantawa ba, don na ga abin da mantuwa ta kusa jawo mini.

A gidan Kaka babu agogo. Jan zakaranta ne ke fara cara daga kan rumbu, na maƙwabta su amsa, har abin ya zagaye tafki ya dawo. Aikina na farko in buɗe akurki. Ba a buɗe shi da garaje, sai ka janye dutsen a hankali ka ja gefe, in ba haka ba su fito maka a fuska da fukafukai da ƙura. Daga nan sai in ɗauki ƙwarya in nufi bayan gida inda muke kifa tukunyar gara. Wata tsohuwar tukunya ce mai fasasshen baki, muna cusa mata busasshen kashin shanu da karmami, mu yayyafa ruwa, mu kife ta a bakin shuri. Kafin gari ya waye gara ta cika ta. In na zazzage a tsakar gida, Kaka na zaune kan turmi tana “kut-kut-kut”, sai ka ga 'yan tsaki na turereniya, uwarsu na tona tana kira. Bayan wannan da ɗan tsakin gero, ba mai sake ba su komai. Su ne za su nemi abincinsu. Su gangara lambu su ci tsutsa a ƙarƙashin dabino, su bi fara a gona, su tsinci gyaɗar da ta zube a wurin sussuka, su yi wankan ƙasa a gindin danga. In inuwar shirwa ta gifta, kowace ta arce da gudu kamar an jefa ta. Kafin magariba kazar Kaka ta yi tafiyar da ni ban yi ba.

Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai fingi mai gashi a hargitse kamar ta tashi daga faɗa, akwai wake-wake, akwai wasu dogaye masu faɗin ƙirji da ta samo irinsu daga wajen wata ƙawarta. Kowace Kaka ta san abin da take yi a tukunya. Ta ce durgu duk albarkarta a cinya take, fingi ba auki amma romonta ya fi na kowa ƙamshi, dogayen nan kuma sai an yi baƙi da yawa. Ni a lokacin duk surutun tsofaffi nake ɗaukarsa. In na ce, “Kaka, ba duk kaza ba ce?” sai ta harare ni ta ce, “Ke da Tantinki ta birni duk mata ne, amma wa ya ce ɗaya kuke? Abin da ta ci shi za ki ci, inda ta yi yawo nan za ki ɗanɗana. Tashi ki rufe mini akurki.”

Ranar da na fara gane maganarta ban fi shekara tara ba. Wani abokin Kawu ya zo daga Droum, Kaka za ta leƙa lambu, ta ce in kamo budurwar kazar nan wake-wake in kai wa Kawu ya yanka, in fige kafin ta dawo. Na bi wake-wake har na ji kamar huhuna zai fito. Ta shiga ƙarƙashin rumbu, ta haye danga, ta bar ni da ƙaya a ƙafa. Da na gaji sai na hango wata baƙar tsohuwar kaza kwance a inuwa tana lumshe ido, na sa hannu na ɗauke ta ko motsi ba ta yi ba. Kawu yana ta hira, bai ko duba ba ya yi bisimilla ya yanka. Na fige, na babbake, na yayyanka da sauri don kada a gane. Da Kaka ta dawo ta dubi naman a ƙwarya, ta dube ni, sannan ta ɗora kasko, don baƙo na jiran abinci. Ta soya aka kai. Ina laɓe a bayan zana ina kallon bawan Allah yana jan cinya da haƙori, jijiyar wuyansa ta miƙe, hularsa har ta karkace. Can ya ajiye ya ce, “Inna, wannan kazar ai ta girme ni, kamata ya yi in gaishe ta.” Kawu ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na tabbata yau sai buzuna.

Ba ta dake ni ba. Washegari kafin in buɗe akurki ta zo ta tsuguna kusa da ni, tana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Ta kama yatsana ta ɗora a ƙarshen ƙashin ƙirjin kowace ta ce in danna. Na ƙarama ya lanƙwashe kamar kunne. Na zakaran da ya kusa shekara ya ɗan motsa kaɗan. Na tsohuwa ƙam, kamar dutse. Ta nuna mini saɓar ƙafa, ta ƙarama sumul, ta babba kaushi. Ta nuna mini ƙaimin zakara. Sannan ta ce, “Ƙarama ta baƙo ce, a soya a ci yanzu, ba ta kwana. Tsohuwa ta mara lafiya ce da mai jego, a ɗora ta tun hantsi a manta da ita, maganinta a ɓargo yake. Wannan na tsakiya, da ya yi yawo tsokarsa ta tsuke, shi ne na guzuri. In kika haɗa su kin ɓata kaza kin ɓata mai ci.”

Guzuri shi ne abin da aka san Kaka da shi a unguwarmu. Duk wanda zai yi doguwar tafiya daga gidanmu, ko baƙon da ya kwana biyu zai koma, ba ya fita hannu wofi. Sai ta tafasa zakara da gishiri da citta, ta tsame ta bar shi ya sha iska, sannan ta ɗora kasko da man gyaɗa a kan wuta marar ƙarfi. Nan ne ake gane mai haƙuri. Ba ta kallon naman, kunne take kasawa. Da farko mai na ta ƙara yana tsalle, can ya koma ƙunƙuni, can ya yi tsit. Ta kan ce, “Muddin mai na magana, da sauran ruwa a ciki. Ruwan nan shi ke ruɓar da nama. Kada ki kwashe sai ya yi shiru.” In ya yi shiru ta kwashe ta baza a faifai har ya huce sarai, ta barbaɗa yaji, sannan ta zuba a langa. Naman ya yi ja-ja, ya ƙame, in ka yaga sai ya rabu zare-zare. Irin wannan sai ya yi kwana biyar, shida, a tsakiyar bazara, babu firigo babu komai, in ka buɗe langar ƙamshi ne zai tare ka. Da shi na zo Zinder ranar da na shiga kolej, na yi ta cin tsoka ɗai-ɗai ina kuka a ɗakin Tanti.

Tanti ƙanwar mahaifina ce, a gidanta da ke unguwar Birni nake zaune tun daga lokacin. A nan na san wata kazar daban. Fara fat, ƙatuwa, kowace kamar an buga ta a injin ɗaya da 'yar'uwarta. Na taɓa raka Tanti wani gidan kiwon su a bayan gari. Doguwar rumfa ce ta kwano, zafi da wari suka tare mu tun daga ƙofa. Ga su nan dunƙule kamar an zuba auduga, kowace kwance gaban abinci, ta ci ta sha ruwan da aka jiƙa wa magani ta koma ta kwanta a kan kashinta. In ta miƙe ta yi taku biyu sai ta zube, ƙirjin ya fi ƙarfin ƙafar. Ba cara, ba kyarkyara, ba tono, ko rana ba sa gani. Mai gidan yana ta alfahari wai kwana arba'in da 'yan kai sun isa yanka. Kwana arba'in! A gidan Kaka mai kwana arba'in har yanzu bin uwarta take. Na ga wannan duka da idona, amma na ci gaba da ci, don tana da laushi, tana nuna da wuri, kuma a Birni yanzu in ka kawo wa baƙo kazar gida sai a ce ka kawo ƙashi. Mun saba dafa ta mu cinye a ranar, abin da ya rage a jefa firigo. Ba wanda ya taɓa tambaya me za ta yi in ta kwana a waje.

Watan jiya Kaka ta zo a duba mata ido. Yanar ido ta rufe su, ba ta ganin komai sai haske da duhu, haƙoran ma saura biyu. Aka ce ta koma sai bayan wata uku. Ranar da za ta tafi na ce yau ni zan yi mata guzuri, in rama na ranar kolej. Na ce wa Tanti zan nemo zakaran gida.

Ta ce, “Ke dai har yau ƙauye bai fita kanki ba. Tsohuwa ba haƙori, ki ba ta abin da za ta yi ta ja kamar roba? So kike biyun da suka rage su zube a mota?”

Na ji maganarta da gaskiya. Muka tafi kasuwa. Mai kajin ya cafko wata fara ya ɗora mini a hannu.

“Hajiya ƙarama, ɗaga ki ji. Wannan ko jinjiri ya ci.”

Ban san sanda yatsana ya kai ƙarshen ƙashin ƙirjinta ba. Ya lanƙwashe kamar kunne. Na ce, “Malam, guzuri zan yi. Za ta kwana?”

Ya dubi Tanti suka yi dariya. Ya ce, “Kaza ai kaza ce. Ki soya kawai, ko Agadas za a kai ta.”

Wannan maganar ita ke hana ni sukuni. Shi ya san kwanan kazarsa. Ya san rabinta ruwa ne da kitse. Bakinsa bai yi nauyin ya ce mini “a ci yau” ba, kalma uku. Amma in na gama zaginsa a raina sai in dawo kaina, don ni ma yatsana ya gaya mini, na ƙi ji.

Na yi mata yadda Kaka ke yi. Na ɗora tafasa, kafin in gama daka yaji ta fara rabuwa da ƙashi, na yi maza na tsame. Na sa a mai. Mai ya yi ta ƙara, ya yi ta tofar da ruwa har ya ƙona mini hannu. Na jira, na jira, bai yi shiru ba. Bayan naman ya yi ja har ya fara baƙi, tsokar kuwa kauri gare ta kamar tafin hannu. Tanti na ta kira daga zaure, “Ke, mota ba ta jiran kowa fa! Ba ki ga ta yi ja ba? So kike ki mai da ita gawayi?” Sai na bi idona na bar kunnena. Na kwashe mai na magana. Ban baza a faifai ba, da ɗuminta na zuba a langa, na tula yaji, na danne murfi, na ɗaure.

A tasha Kaka ta sa na kwance mata. Ta lalubo tsoka ɗaya, ta matsa da yatsa, ta sa a baki tana mamula. Sannan ta ce, “Wannan ba ta taɓa taka ƙasa ba.” Tanti ta ce, “Ai ita ake yayi, Inna.” Kaka ta ce, “Da laushi kam. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan.” Ta ɗaure langarta ta rungume, mota ta tashi.

Kwana huɗu bayan nan da hantsi Kawu ya kira. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce tun jiya amai da zawo, yanzu ba ta gane mutane, suna hanya. Da aka sauko da ita daga mota ban gane ta ba. Idanun sun faɗa, leɓe ya bushe, in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. Aka yi ta neman jijiya kafin a samu a ɗaura mata sarum, ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambayi me ta ci. Kawu ya ce ba komai sai fura, sai kuma ɗan guzurinta da take ci tsoka ɗaya kullum, ba ta ba kowa, wai na jikarta ne. Ya zaro langar daga buhu. Da matar ta buɗe sai da ta kau da kai. Daga sama yaji ne ja, kamar lafiya lau. Ta sa cokali ta ɓare tsoka ɗaya, ciki ya yi yauƙi, wajen ƙashi ya yi toka-toka.

Ta ce, “Wa ya soya wannan?”

Na ce, “Ni ce.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kin yi lakwal, kin yi boko?”

Na ce na yi.

“To ba a gaya muku kazar gona ba ta kwana huɗu cikin zafin nan ba? Ko ke mai jini a jika kika ci sai kin kwanta, bare tsohuwa.”

Na yi lakwal. Na zana mikrob, ƙwayar cuta, a allo, malami ya yaba mini a gaban aji. Amma ba a taɓa haɗa mini zanen nan da kaskon gidanmu ba. Abin Kaka na riƙe rabi, na lakwal na riƙe rabi, na haɗa biyun na kusa kashe ta. Tanti kuwa ko minti biyar ba a yi ba ta fara gaya wa masu zuwa dubiya, “Ai yaran yanzu ba su iya suya ba.” Ita da ta tsaya a zaure tana kirana! Wallahi da ba don idon Kawu ba da ranar na manta ita ce ta riƙe ni. Har yau ban huce da ita ba. Kuma ba ita kaɗai ba. Ina jin haushin duk wanda ya kawo mana wannan abu ya sa masa sunan kaza, bai ce mana dokarsa daban ba ce. Tsohuwar da ta shekara sittin tana ajiye soyayyar kaza a langa ba ta taɓa ko ciwon ciki ba, wa ya je Gidimuni ya gaya mata an sauya kazar? Ido babu bare ta duba. Hannun da ta yarda da shi ne ya miƙa mata.

Kwana tara tana kwance ba magana. Lokotoro ya ce ƙodarta ta wahala, mu yi ta addu'a. Ina zaune kan tabarma gefen gado ina kallon ɗigon sarum, ina kore mata ƙuda, ba abin da ke yawo a kaina sai ƙarar man nan da bai yi shiru ba.

Shekaranjiya bayan azahar na ji an ja mini gefen mayafi. Murya can ƙasa ta ce, “Ke ce?”

Na ce, “Ni ce, Kaka.”

“Ashe kajina kike so ki gada tun ina da rai. Ai da kin roƙa na ba ki biyu.”

Na kifa kaina a kan gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar farko. Ta bar ni na yi, tana shafa mini kai da hannun da ba sarum. Sannan ta ce a gaya wa Kawu ya sa a aiko da tsohuwar fingin nan da ta daina ƙwai. Jiya da safe aka kawo ta a ɗaure. Na danna ƙirjinta, ƙam. Kawu ya yanka, na ɗora a gawayi tun hantsi, ban sauke ba sai la'asar. Romon ya fito ruwan zinari, ƙamshinsa har maƙwabta. Tanti ta leƙo ta ce ashe akwai sauran irin wannan.

Na kai asibiti, na tallafo Kaka ina ba ta da cokali. Ta sha uku ta tsaya.

Ta ce, “Ranar nan, mai ya yi shiru kafin ki kwashe?”

Na ce, “Bai yi ba.”

“Na sani. Tun a tasha na ji ruwa a bakina.”

Na ajiye cokalin. Na ce, “Kin sani, Kaka? To don me kika ci? Don me ba ki zubar ba?”

Ta ce, “In zubar da me? Tun kina goye nake jiran ranar da za ki yi mini guzuri. Na ce ko ba daɗi sai na cinye abina. Ban san ta kai haka ba.” Ta buɗe baki. “Ƙaro mini. Wannan ta taka ƙasa.”

Yau da safe aka cire sarum. Lokotoro ya ce in ta ci gaba da sha haka, jibi za a sallame ta. Tanti ta ce wannan karon a saya mata burodi kawai a huta. Na ce a'a. Na riga na gaya wa Kawu ya sa a aiko da zakaran nan ja na bara, wanda ke kwana kan rumbu. Zan soya shi, in ya ƙame in daka mata shi a turmi yadda dasashinta zai iya. Kuma zan zauna gaban kaskon nan da kunnena. Ko direba zai fasa maƙogwaronsa da kira, ko motar za ta tafi ta bar mu, ba zan kwashe ba sai mai ya yi shiru.